Rabin munduwar Inna da abin da sikeli ba ya aunawa

Kun saba da muryata, yau kuma sai ku yi haƙuri da rubutuna, don maganar ta fi ƙarfin minti goman da nake samu kafin talla ta yanke ni. Wasunku sun ji somin-taɓinta a shirin daren Juma'a, har bokal ɗin da kuka turo ta WhatsApp suka cika mini salula. Akwai masu sa albarka, akwai wanda ya ce in ji tsoron Allah. Duka na saurara.

Ga yadda abin ya faro. Inna ta rasu cikin ɗarin 2023 a Damagaram, Allah ya jiƙanta da sauran iyayenmu. Da aka share makoki aka zauna rabon gado. Aka ƙirga zannuwa, tasoshi, awaki biyu, da sarƙar zinariya da ƴan kunnenta waɗanda ta sayo a Makka. Zinariyar aka kai ta wajen mai sikeli a kasuwar Dole, ya auna, ya faɗi kuɗi, aka karɓa, aka raba yadda shari'a ta ce. Ko awa biyu ba a yi ba. Na hau mota na koma Maraɗi da rabona cikin aljihu. In kun tambaye ni yau ina kuɗin suka shiga, haya ta ci wasu, lakwal ɗin yara ta ci sauran. Ko hoton sarƙar ban ɗauka ba, ni da nake ɗaukar hoton kwanon tuwo.

Sai daminar 2024 ta zo, kuma ba sai na tuna wa kowa ba. Daga Maraɗi har Damagaram gidajen laka sun yi ta zubewa, har tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 ya faɗi a farkon Satumba. Cikin kwanakin nan ɗakin Inna, wanda muka kulle tun rasuwarta, ya zauna ƙasa. Ni da ƙanena muka shiga tono don mu ceto ƙofa da ƴan azaran da suka rage. A gindin bango, inda gadonta yake a da, muka ci karo da gwangwanin Nido, ya yi tsatsa, an naɗe shi da tsumma.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: abin da na fara yi shi ne na girgiza shi in ji ko kuɗi ne. Da muka buɗe sai ga anini mai huji guda, maɓallin ƙarfe guda, ɗan makulli, murjani ƙwaya uku, da wani guntun baƙin ƙarfe mai lanƙwasa, kaurin yatsa. Ƙanena ya ce, "Yaya, tarkace ne." Ni ma haka na gani. Saura kaɗan in wurga shi kan tulin ƙasa, ganin Iya ta shigo gidan ne ya tsayar da hannuna.

Iya ƙanwar Inna ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta shimfiɗa gefen mayafinta ta ce in juye. Ta daɗe ba ta ce komi ba. Sannan ta soma ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Aninin na uwarsu ne, daga fataucin da take yi zuwa Daura lokacin da kuɗin Ingilishi ke yawo ta wannan gefen, tana saƙala shi a kitso. Maɓallin na kakin sojan ubansu ne, wanda Faransa ta ɗiba ta kai yaƙi ya dawo da tari. Makullin na akwatin auren Inna ne, wanda gara ta cinye tun ban san kaina ba. Da ta kai ga baƙin ƙarfen sai ta goga shi da bakin zane, ya yi fari. Azurfa ce, rabin munduwa, gefe guda da dunƙulen kai mai zane, gefe guda an sare shi.

Na ce, "Iya, ina rabin?"

Ta dube ni ta ce, "Kun ci shi, ɗana."

Shekarar 2005 ce, bayan fari da farar da suka cinye amfanin 2004. Ina katiriyem a kwaleji. Tiyar hatsi ta gagari talaka, rumbunmu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Inna ta ɗauki munduwar da uwarta ta ba ta ranar aure, ta kai wa maƙeri. Ranta bai ba ta ta saida duka ba, sai ta ce ya sare ta biyu. Rabi ya hau sikeli ya koma hatsi. Mu kuma muka ci tuwo, ni ina zaton Baba ne ya samo bashi. Shekara 18 ta yi bayan haka, ba ta taɓa buɗe baki ta faɗa mana ba.

To, a nan ra'ayina yake, kuma a kansa aka yi ta muhawara. Rabon gado wajibi ne, ba wanda ya isa ya taɓa shi, kuma sikeli shi ne adalcinsa. Amma sikeli nauyi kaɗai ya sani. Mu kuma mun mayar da shi alƙalin komi: abin da ya ba kuɗi mu saida cikin gaggawa, abin da bai ba kuɗi ba mu kira shi tarkace mu zubar. A tsakanin gaggawar nan da zubarwar nan muke asarar tarihin iyayenmu mata, alhali ba shi da wani wurin ajiya. A lakwal mushe ya koya mana Tanimun, ya koya mana Amadu Kuran Daga, ya koya mana Sarauniya ta Lugu da ayarin sojan Faransa na 1899, mun haddace mun rubuta a jarrabawa. Ba littafi guda da zai gaya mini cewa kakata ta yi fatauci zuwa Daura. Matan da ba su shiga aji ba, takardunsu na tarihi su ne abin wuya, abin hannu, jigida da gwangwani. Kuma ba a iya karanta su sai da bakin wata tsohuwa. Ranar da Iya ta bi ƴar uwarta, aninin nan zai koma anini kawai.

Ku lura da wani abu. Ranar rabon gado su wa ke zaune a zaure? Mu maza. Su wa suka san labarin kowane ɗan kunne? Suna cikin gida suna kuka ko suna dafa wa baƙi abinci. Ba a tambaye su ba, su ma ba su ga fuskar yin magana ba. Sarƙar Makka da muka saida, sai daga baya Iya ta gaya mini cewa adashin shekara uku Inna ta zuba kafin ta saye ta. Da na sani, da na ce a cire kuɗinta daga rabona in riƙe ta. Yanzu kam ta narke, wataƙila tana wuyan wata amarya a Yamai ko a Kano.

Gwangwanin ya kwana biyu a jakata kafin in yanke shawara. Da farko na je wajen malaminmu, don abin da aka tono ma gado ne, ba tsintuwa ba ce. Ya ce haƙƙin magada ne komin ƙanƙantarsa, sai kowa ya yafe da bakinsa, kuma in da akwai maraya ƙarami cikinmu to ba a yafe masa, sai a yi wa abin kuɗi a ajiye masa rabonsa. Mu duka manya ne. Na kira kowa a salula, kowa ya ce in riƙe. Ƙanena har da dariya.

Daga nan na nufi maƙera. Yaran yanzu da yawa ba su san maƙera iri biyu ba ne: akwai maƙeran baƙi masu hauya da gatari da galma, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla da zinariya. Wanda na samu dattijo ne, rumfarsa ba ta fi ɗakin girki ba, ga ƴar uwar maƙera a kafe cikin kututture, ga zuga-zugi, ga gawayi, ga awartaki. Ya juya guntun a hannu, ya kankare gefe, ya ce azurfar da ce, irin ta sulalla. Sannan ya yi tambayar da na san zai yi: "Malam, a narke? In fidda maka zobe biyu masu kyau, har da saura."

Na ce a'a da sauri, kamar ya zage ni. Ya yi murmushi ya ce ita kanta munduwar ai narkakken wani abu ce. Kuma gaskiyarsa. Azurfar tsofaffin kayan adon ƙasar nan, mai yawa daga kuɗi ta fito. Akwai sulen Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai nauyin giram 28, wanda kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ce, ya ƙetaro Sahara a hannun fatake. Ita ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da fuskarta da wannan shekara ba a sake ba, kun ga ashe shi ma kuɗin tunawa da mamaciya ne. Akwai kuma tsabar azurfa ta faran 5 ta Faransa, wadda aka kira dala, shi ya sa har gobe sefa 5 dala ce a bakinmu. Maƙeri ya narka, ya ƙera wa amarya, jikarta ta kawo a sake narkawa. Haka abin yake tafiya tun da.

Saboda haka ba zan ce narkawa laifi ba ne. Ya nuna mini yadda ake zubin kaki: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa, kakin ya tsiyaye ya bar gurbinsa, a zuba narkakkiyar azurfa, in ta huce a fasa yumɓun a goge a yi zane. Kowane zubi da yumɓunsa, ba ya maimaituwa. Aiki ne mai kyau. Amma ni abin da nake so a munduwar nan ba azurfar ba ce, saran ne. Wurin da aka sare a 2005 shi ne labarin, kuma wuta ba ta barin sara. Muka daidaita: ya buge tsakiyar ta ƙara tsawo, ya lanƙwasa ta daidai hannun yarinya, ya bar dunƙulen kan yadda yake, bakin saran kuma ya rage masa kaifi kawai don kada ya yanki fata. Murjanin uku da aninin ya jera su a siririyar sarƙa. Jaka huɗu ya karɓa, ya ce in ba don ina da taurin kai ba da aikin ya fi haka sauƙi.

Munduwar tana hannun ɗiyata mai sunan Inna, wadda muke kira Mami don bakinmu ba ya iya kama sunan.

Yanzu ga masu bokal. Wanda ya ce in ji tsoron Allah, na gode, nasiha ce kuma na karɓa. Damuwarsa ita ce kada abin ya koma camfi, a riƙa ganin kayan mamaci na kawo sa'a ko na kare sharri. In wani ya ɗauki munduwa a haka, ni ma zan ce ya cire ta. Ƙarfe ne, ba ya amfanar Inna a kabarinta, ba ya tsare Mami daga masassara. In ta yi zazzaɓi gidan likita nake kai ta. Abin da yake yi guda ne: duk sa'ad da na gan shi a hannun yarinyar sai na tuna, in na tuna sai na yi addu'a. Kuma ku duba, addini da al'ada duka sun san akwai alaƙa tsakanin ado da rashi. Mai takaba wata huɗu da kwana goma take yi ba ta sa abin wuya ba ta sa abin hannu, ranar fita kuma ta mayar. Jikin mace yana faɗin rashinta ta hanyar abin da ta cire. Mi zai hana ya faɗi tunawarta ta hanyar abin da ta sa?

Wani kuma ya ce wannan ɗabi'ar Nasara ce, mu ƴan lakwal muka kwaso. Wannan kam ta ba ni dariya. Ɗan'uwa, ka taɓa zuwa Ingal lokacin bikin gishiri a watan Satumba ka dubi adon Bororo da kyau? Makullai, zif, ƙananan kwaɗo, madaurin agogo, wuri, duk abin da hanya ta ba su sai su ɗinke shi ya zama ado. Wurin ma daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya taso, ya yi zamaninsa na kuɗi, da aka daina ciniki da shi ya koma kan kitso da jikin ƙwarya. Maƙeranmu na narka tsohon famfo da mataccen kwaɗo su fidda tagulla, masu tukwane na narka gwangwanin lemo. Mayar da tsintuwa ado ba Nasara ya koya mana ba. Abin da muka koya sabo shi ne raina shi, mu sayi ƴan kunnen roba mai ruwan zinariya da ke koɗewa kafin a gama biki.

Maganar da ta fi taɓa ni ta wata baiwar Allah ce daga wajen Mayahi. Ta ce, "Kai mai albashi ne. Mu in muka samu azurfa hatsi za mu saya." Hajiya, ba ni da ta cewa. Aikin kayan adon mace ke nan tun asali, bankinta ne da ba ya neman takarda, kuma Inna da kanta ta nuna haka. Ga shi zinariya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, a Maris na 2025 awon giram 31 ya haura dalar Amurka 3,000 a kasuwar duniya, kuma tun da aka buɗe Jado a 2014 kowa a ƙasar nan ya koyi lissafin giram. Mai yunwa ya saida, ba kunya a ciki. Amma ki lura Inna rabi ta saida. Kuma anini da maɓalli da makulli ba wanda zai ba ki tiya guda a kansu, ajiye su ba ya rage wa kowa tuwo.

Akwai kuma waɗanda ban yi tunaninsu ba sai da suka kira. Wata uwa daga Tasawa ta ce ɗanta ya tafi Libiya shekara bakwai ke nan, ba gawa, ba labari, abin da ya bari makullin babur ne, tana ɗaure da shi a bakin zane. Na yi shiru a gaban makirfo, abin da ba a so mai gabatarwa ya yi. Mu da muke da kabarin da za mu ziyarta ba mu san gatan da muke da shi ba. Ku tuna Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su. Can aka binne su. Danginsu mi suka riƙe? Wani takalmi, wani kwano, wani ɗan kunne da aka manta a kan taga. In irin wannan uwa ta kai makullinta wajen maƙeri ya yi masa zobe da sarƙa don kada ya ɓace, wa zai ce mata ta yi haƙuri ta zubar? Haƙuri ai ba mantuwa ba ne. Ni dai tun da munduwar ta fito daga wuta nake iya maganar Inna ba tare da muryata ta karye ba, abin da na kasa shekara guda da rabi.

Su ma maƙeran suna da rabo a wannan magana. Shekara da shekaru ƙwararrunsu sun karkata ga baƙi. Ku je Wadata a Yamai ko rumfunan gidan tarihi na Bubu Hama, za ku ga allon nan mai abin wuya 21, kowane da sunan gari, na Agadas, na Ingal mai jan dutse, na Iferwan, na Tawa, na Damagaram. Nasara suka kira su gicciye, suka saya suka kai gida. Tun tawayen 2007 da sace-sacen Turawa na 2010 baƙin suka janye, masu sana'a da yawa suka zauna ba ciniki, ƴaƴansu suka kama kabu-kabu ko suka nufi ramin zinariya. Alhali ga aiki nan kwance a gwangwanayen gidajenmu. Dattijon da ya yi mini aiki ya ce ni ne na farko cikin shekaru da ya kawo tsohon abu ya ce kada a narke. Roƙona gare su kaɗan ne: in an kawo muku tsohon abu, kafin ku jefa cikin wuta ku tambayi mai shi na wa ne, ku ba shi zaɓin gyara. Wani bai san ana iyawa ba.

Mu kuma magada, abin da na so a ce wani ya gaya mini a 2023 shi ne wannan. Kafin a kai kaya sikeli, a baza su a tabarma a kira tsofaffin matan gidan, a kunna salula a ɗauki muryarsu suna faɗin na wa ne, daga ina, a wace shekara. A ɗauki hoto. In za a saida, a fara tambayar magada ko akwai mai so a cire daga rabonsa, a kan kuɗin da sikeli ya faɗa, ba ragi ba ƙari, don kada zumunci ya ɓaci. Sauran da ba mai saye, kada a bar yara su yi wasan ƴar tsana da su a tsakar gida. Wannan duka bai fi aikin yamma guda ba, kuma bai jinkirta haƙƙin kowa.

Na ɗauki muryar Iya minti 47. Rabin maganar faɗa take yi mini a kan ban kawo mata jikokinta hutu ba, amma a cikin sauran na samu sunan kakar kakata, wanda ban taɓa ji ba.

Makullin akwatin yana nan a gwangwaninsa, ban san abin da zan yi da shi ba tukuna. Maɓallin sojan kuwa ba ya hannuna. Ƙanena, mai cewa tarkace, ya kira ni da dare bayan ya ji shirin, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar siminti, sannan ya ce, "Yaya, maɓallin nan na Kaka, in ba ka da abin yi da shi..." Na aika masa ta tasha ranar Lahadi. Ya ce zai sa a dasa shi a kan zoben azurfa.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu, dattijon maƙerin ya yarda zai shiga shirin ta waya, da sharaɗin ba zan tambaye shi shekarunsa ba. Wanda ke da wani abu a gwangwani ko a bakin zane, ya turo bokal ya gaya mana na wa ne. Uwar nan ta Tasawa, in kina ji ko wani zai karanta miki, ya ce ki aiko da makullin, ba zai karɓi ko dala ba.